Wace darduma ce za ta iya da ƙurar Zariya?

Watan jiya na raka yayata kasuwar Sabon Gari sayen kayan jeren 'yarta. Gado da kujeru da labule duk mun gama da su kafin azahar, amma darduma ɗaya tak ta riƙe mu har aka kira la'asar. Amaryar ta turo hoton wadda take so ta waya: fara sol, mai dogon gashi kamar ɗan rago. Yaya tana son faranta wa 'yarta, ni kuwa na kafe. Na ce, "Yaya, don Allah ki saurare ni, wannan ba ta ɗakin da ake kunna turaren wuta ba ce, kuma ba ta garin nan ba ce."

Ba da ka na faɗa ba. Irinta na saya da kuɗina shekarun baya, ruwan madara, mai laushin da ƙafa ke nutsewa a ciki. Hunturu ɗaya ta yi a falona ta koma ruwan ƙasa. Tsintsiya ba ta kai wa gindin gashin, ƙwayar shinkafa in ta faɗa ciki ta shige ke nan, wata rana kuma garwashi ya yi tsalle daga kasko ya bar mata baƙin rami mai tauri kamar ƙonanniyar leda. Abin ya yi mini ciwo, don na daɗe ina tara kuɗinta. Tun daga lokacin, in zan sayi darduma sai na fara tuna waɗanda za su zauna a kanta da abin da za su ci a kanta, sannan in duba kyau.

Ƙura iri biyu ke shigar mana ɗaki a Zariya, kuma kowace da launin da take tona wa asiri. Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu hazon hunturu ne, fari-fari mai laushi kamar gari, yana shigowa ko an rufe taga. Wannan shi ne abokin gabar darduma mai duhu marar zane: baƙa, shuɗiya mai duhu, ko ruwan hanta. Ki share da safe, kafin la'asar sawun ƙafa ya fito a kanta raɗau. Da damina kuma sai jar ƙasarmu ta karɓi aiki, ta biyo ƙafar yara daga tsakar gida, ita kuwa fara da ruwan madara take kamawa. Launin da ke tsallake duka biyun shi ne na tsaka-tsaki: ruwan ƙasa, ruwan goro, ruwan zuma, ruwan toka mai ɗan duhu, musamman in an cakuɗa biyu ko uku a cikin zane ɗaya.

A nan zane yake da aikin da ya wuce ado. Darduma mai launi ɗaya ba ta da sirri, ɗigon shayi ɗaya ya isa ya zama abin da baƙo zai fara gani. Mai zane kuwa tana rufa wa uwargida asiri. Sai dai zanen ma iri-iri ne, kuma ba kowane ke shiga kowane ɗaki ba.

Wanda ya fi yawa a kasuwa shi ne zanen Farisa: babbar fure ko tambari a tsakiya, rassa da ganyaye kewaye da ita, sannan faffaɗan baki ya zagaye duka. Asalinsa daga garuruwan saƙa na Iran ne irin su Tabriz da Kashan da Isfahan, ko da yake mafi yawan waɗanda muke gani a nan na inji ne da aka kwaikwaya. Ina son wannan zanen, ba na ɓoyewa. Idon da ya saba da aikin aska takwas a wuyan babbar riga da zanen bangon tsofaffin gidajen cikin birni ba ya baƙunta da shi. Amma yana da sharaɗi. Furen tsakiyar nan ita ce duk kwalliyar, to in za ki ɗora mata teburin tsakiya kin binne abin da kika biya kuɗi dominsa. Kuma tana son ta zauna daidai tsakiyar kujeru. In ta karkace ko da taku ɗaya ne, duk falon sai ya zama kamar an gina shi a karkace. Wannan zanen na ɗakin da ake zama a ƙasa ne, a jera tumtum a gefe, a bar tsakiya fili, kamar falon maigida ko ɗakin baƙi.

In ɗakin na yara ne da cin abinci da kallo, wanda zan ba ki shawara shi ne mai ƙananan zane da ke maimaita kansa daga wannan baki zuwa wancan, ba shi da tsakiya ba shi da gefe. Duk inda kika ɗora kujera ko teburi daidai ne. Kina iya juya ta duk bayan 'yan watanni don kada gefen ƙofa kaɗai ya cinye, ba wanda zai lura. Tabon zobo ko na miya kuwa sai an durƙusa ake ganinsa. A ganina babu zanen da ya kai shi haƙuri.

Akwai na zamani masu layi-layi da kusurwoyi, da waɗanda aka yi su da gangan kamar sun koɗe, toka-toka da ɗan ruwan gwal. Masu kamar sun koɗen nan suna da kyau da ƙura, amma ki lura da yawan farin da ke cikinsu. Masu manyan kusurwoyi baƙi da fari suna da ɗaukar ido a shago, a gida kuma suna gajiyar da ido, balle in labule da kujeru su ma masu fure ne. Abu ɗaya ya kamata ya yi magana a ɗaki. In kujerunki masu zane ne, dardumar ta yi sanyi. In kujerun launi ɗaya ne, to ita ta ɗauki adon. Mai layi a tsaye tana ƙara wa siririn ɗaki tsawo a ido, don haka a dogon ɗaki a kwantar da layin ta faɗinsa.

Kada a manta yawancinmu a kan dardumar nan muke shimfiɗa sallaya, wani lokaci ma a kanta kai tsaye ake sallah. Masu hoton zaki ko dawisu ko damisa, gidaje da yawa ba sa shigar da su, ni ma ba na saye. Ko zanen da ba na mai rai ba ne, in ya cika hayaniya yana jan ido. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya mayar wa Abu Jahm da wani mayafi mai zane saboda ya ɗauke masa hankali a sallah. Wannan kaɗai ya isa mutum ya zaɓi mai natsuwa a ɗakin da yake ibada.

Sai zancen zare, wanda mai shago ba zai fara faɗa miki ba sai kin tambaya. Mafi yawan na inji da ake kawowa daga Turkiyya, musamman daga birnin Gaziyantep inda masaƙun suka taru, da na Sin da na Masar, da zaren roba ake yin su. A takardar da ke manne a baya za ki ga an rubuta PP, wato folifurofilin. Ba ya shan ruwa, ba ya zuba, asu ba ya cinsa, kuma ana wanke shi da omo da buroshi, ko a kai wurin masu wankin mota. Ga mai ƙananan yara, inda fitsari ba ya ƙarewa kuma dole a tsarkake wuri, wannan babbar rahama ce. Aibinsa biyu ne. Yana kama maiƙo, manja in ya kwana a kansa da wuya ya fita duka. Sannan ba ya jure zafi: a wajen digiri 160 yake narkewa, alhali dutsen guga in an murɗa shi na auduga yana kai wa 200. Mai yi wa yara gugar kayan makaranta a ƙasa, da mai ajiye kasko a kan darduma, su ji da kyau. A samo faranti ko tayil guda a riƙa ɗora kaskon.

Foliyesta, wanda shi ma zaren roba ne, ya fi folifurofilin laushi da sheƙi, launinsa ya fi fitowa, amma gashinsa yana saurin kwanciya a inda ake yawan takawa. Ulu, wato gashin tumaki, shi ne sarki: yana da ɗumi da sanyin Janairu, in an taka yana miƙewa, in garwashi ya faɗa masa yakan babbake wurin ne kawai ya mutu, ba ya narkewa. Amma yana da tsada, yana daɗewa bai bushe ba, kuma asu na sonsa in aka naɗe shi aka ajiye a ɗaki mai duhu.

Wanda nake so ki yi hattara da shi shi ne wanda ake kira siliki. Wani mai shago ya taɓa shimfiɗa mini wata yana shafa ta da bayan hannu, tana sauya launi kamar ruwa, yana cewa, "Hajiya, wannan siliki ce zalla." Da na juya bayanta sai na ga biskos aka rubuta. Zare ne da ake sarrafawa daga ɓargon itace, yana da ƙyalli sosai, amma ruwa kawai ya isa ya bar masa tabo rawaya ya sandare gashin. Gidan da ake alwala ana shigowa da jiƙaƙƙiyar ƙafa ba gidansa ba ne. Dardumar siliki ta gaskiya, saƙar hannu, ba a kuɗin da ake faɗa mana ake sayar da ita ba.

Haka zancen "saƙar hannu ce daga Iran". Juya ta kawai. Ta hannu zanenta ya fito a baya kamar yadda yake a gaba, ƙullin bai zama daidai-wa-daida ba, gezarta kuma daga jikin saƙar ta fito. Ta inji bayanta a miƙe yake kamar an ja da rula, sau da yawa da ɗan taurin gam, gezar ɗinka ta aka yi daga baya. Ta inji ba abin kunya ba ce, ita ce a ɗakina yanzu. Abin da ba na so shi ne a karɓi kuɗin wata a ba ni wata.

Na gwanjo, waɗanda ake ce wa Baljiyam, wani lokaci a cikinsu ake tsintar ulu na gaske a kuɗi kaɗan. Ki sa hanci ki shinshina, ki buɗe gashin ki duba ƙwari da fumfuna, ki lanƙwasa bayan ki ji ko yana ƙara kamar zai karye. In ya yi, zaren ya ruɓe. Kuma a wanke ta tas, ta sha rana, kafin ta shiga ɗaki.

Wajen girma mutane suka fi yin kuskure, don komai a shago babba yake gani. 'Yan kasuwa da ƙafa suke faɗa: huɗu da shida, biyar da bakwai, bakwai da goma. A takarda kuma santimita ne, kusan 120 da 170, 160 da 230, 200 da 290. Ki auna ɗakin da tef tun daga gida, ki rubuta. A falo mai kujeru, ƙafafun gaba na kujerun su hau kan dardumar. In ta tsaya can tsakiya ita kaɗai kamar sallaya, ta yi ƙanƙanta. Ki kuma duba ƙasan ƙofa, don mai kauri takan hana ta buɗewa. Malale ɗaki gaba ɗaya da kafet yana da daɗi da sanyi, amma abin da ba za ki iya ɗagawa ki kai waje ki kakkaɓe ba, ƙura ce kike tarawa, balle da yake ba kullum ake da wutar kunna na'urar zuƙe ƙura ba. Na fi yarda da tayil ko leda a ƙasa, darduma a sama. In daɓen siminti ne mai tsatsafar da danshi da damina, kamar yadda ake samu a tsofaffin gidaje, to a fara shimfiɗa leda, kuma a guji mai bayan algarara, don tana shan laima ta yi wari. A kan tayil kuwa ƙaramar darduma tana zamewa. Gidan da akwai tsohuwa ko mai juna biyu a nemi mai roba a baya.

Kafin a naɗe miki, ki roƙi a fito da ita bakin shago ki gan ta a hasken rana, don fitilar shago tana ƙara wa launi abin da ba shi da shi. Ki lanƙwasa gaban: in kina hango ƙasan saƙar cikin sauƙi, gashin bai cika ba, ba za ta daɗe ba. Ki jiƙa farin hankici ki goga a kan jan wurin ki ga ko ya kama. Farashi kuwa yana bin dala, don haka ki taya a shago uku kafin ki zaro kuɗi. In sayayyar da yawa ce, kamar ta jere ko ta masallaci, wasu har Kano suke zuwa su gwada.

Mu dai a ranar, bakwai da goma muka ɗauka, 'yar Turkiyya, gajeren gashi, ruwan goro da ruwan zuma, mai ƙananan furanni daga baki zuwa baki. Don kada ran amarya ya ɓaci, Yaya ta ƙara mata ƙaramar fara mai gashin nan, ta gefen gado, wadda za ta shiga baho in ta yi datti. Mai shagon ya ɗaure su da igiya, yaronsa ya saɓa a kafaɗa ya kai mana bakin titi, muka tari a-daidaita-sahu zuwa Tudun Wada.