Inda Bazazzagi zai ci abinci a Legas ba tare da guzurinsa ya ƙare ba

Ba a rasa mutumin Zariya a kan hanyar Legas a kowace rana: ɗan kasuwar Sabon Gari da zai je sarin kaya a Idumota ko Alaba, malamin Jami'ar Ahmadu Bello da aka gayyata taro, matashin da aka kira tantancewar neman aiki a Ikeja, ko dillalin da ya biyo motar tumatir daga Kwangila zuwa kasuwar Mile 12. Kowannensu yakan yi lissafin kuɗin mota da na masauki tun kafin ya tashi, amma kaɗan ne suke sa abinci a cikin lissafin, alhali shi ne abin da ake biya sau biyu ko uku a kullum. A Legas kuwa, farantin shinkafa iri ɗaya yana iya ninka farashinsa sau da dama tsakanin wannan unguwa da waccan, kuma baƙon da bai san dalili ba shi ne yake biyan mafi tsada.

Dalilin yana cikin tsarin garin. Ruwa ya raba Legas gida biyu. Akwai ɓangaren tsibiri da gaɓar teku, wato Ikoyi da Victoria Island da Lekki, inda manyan otal-otal da ofisoshin kamfanoni da wuraren shaƙatawa suke. Akwai kuma ɓangaren tudu, irin su Yaba da Surulere da Mushin da Oshodi da Agege, inda mafi yawan jama'a suke kwana, su tsallaka gada da asuba zuwa wurin aiki. Kuɗin haya a tsibiri ya ninka na tudu nesa ba kusa ba, kuma mai gidan abinci daga aljihun mai ci yake fanshe shi.

Saboda haka gidajen abinci na bakin teku, waɗanda hotunansu suke yawo a Instagram, su ne na farko da ya kamata mai ƙaramin guzuri ya yi tunani sosai kafin ya shiga. Farashin da aka rubuta a takardar abinci ba shi ne za a biya ba. Ana ɗora harajin sayen kaya na VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wanda ya fara aiki a haka tun shekarar 2020, sannan jihar Legas tana da nata harajin na kashi 5 a kan otal da gidajen abinci, wasu wuraren kuma su ƙara kuɗin hidima a sama. Yawancin wuraren shaƙatawa na bakin tekun Lekki a hannun 'yan kasuwa suke, sai an biya kuɗin shiga kafin a kai ga ganin abincin ma. Ga kuma batun giya, wadda a yawancinsu ake sha a fili, abin da ba kowane magidanci ne zai so ya zauna da iyalinsa a tsakiyarsa ba. Wanda yake son ganin teku ya je ya gani, domin abin kallo ne ga wanda ya taso a gefen kogunan Kubanni da Galma na Zariya, amma ya je da cikinsa a ƙoshe.

Gidajen abinci na zamani masu rassa da yawa, kamar Chicken Republic da Sweet Sensation, suna tsakiya wajen tsada. Farashinsu a rubuce yake, wurin a tsabtace, akwai na'urar sanyaya ɗaki da ban-ɗaki. Suna da amfani ga wanda ya sauka da dare ko macen da take tafiya ita kaɗai, sai dai abincin bai cika ƙosar da mai aikin ƙarfi ba, kuma babu abin da baƙo zai ci a can wanda ba zai samu a Kaduna ba.

Inda nake ganin kuɗin matafiyi ya fi yin albarka shi ne buka, wato rumfar abincin Yarbawa da ake samu a bayan kasuwanni da tashoshin mota da lungunan da ke kusa da ofisoshi. Har a Victoria Island akwai su, domin direbobi da masu gadi da ƙananan ma'aikatan banki ba sa cin abincin otal, kuma duk inda aka ga irin waɗannan mutane sun yi layi da tsakar rana, to an samu wurin da ake nema. Bazazzagin da ya taɓa cin amala a wurin matan Yarbawa na Sabon Gari ba zai ji baƙunci sosai ba. Akwai amala da miyar ewedu, wadda ganyen lalo ce, a haɗa da miyar wake da suke kira gbegiri. Akwai sakwara da teba da miyar ganye ta efo. Akwai shinkafar ofada mai ƙamshi na daban da miyarta ta koren tattasai da manja. Da safe kuwa ana samun ewa agoyin, dafaffen wake da ya yi lugub, a zuba masa soyayyen barkono har ya yi duhu, a ci da burodin Agege. A ganina babu karin kumallon da ya kai shi riƙe ciki a kan kuɗi kaɗan a duk faɗin Legas.

Abin da yake rikita baƙo a buka shi ne yadda ake ciniki. Ba a sayar da faranti a dunƙule. Ana ƙirga malmala ɗaya-ɗaya, shinkafa cokali-cokali, nama kuma yanka-yanka, ko na saniya ne ko na akuya ko kayan ciki ko ganda. Tuwon da miyar ba su da tsada. Naman ne yake ɗaga lissafi, kuma idan mutum ya yi shiru, mai zubawa za ta ci gaba da ɗorawa. Ya kamata a tambayi kuɗin kowane yanka kafin ya shiga kwano, a kuma faɗi adadin da ake so a fili. Babu abin kunya a cikin wannan, haka 'yan gari suke yi. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 farashin abinci bai zauna wuri ɗaya ba, don haka abin da wani ɗan uwa ya ce ya biya bara ba hujja ba ne a bana.

Batun halaccin nama yana damun mutanenmu, kuma damuwa ce mai tushe. Musulmi suna da yawa ƙwarai a cikin Yarbawan Legas, kuma da yawa daga cikin masu buka Alhaja ake kiransu, shanun da ake yankawa a mayankar Oko-Oba ta Agege kuma mafi yawansu daga Arewa suke zuwa. Duk da haka akwai rumfunan da suke dafa naman daji ko alade, musamman waɗanda suke haɗe da mashaya. Mafita mai sauƙi ita ce a nemi bukar da ke kusa da masallaci, kamar kewayen babban masallacin Legas da ke titin Nnamdi Azikiwe, ko a gaishe da mai abincin da girmamawa a tambaye ta kai tsaye, ko kuma a zaɓi kifi. Sai kuma yaji: miyar Yarbawa tana da attarugu fiye da yadda yawancinmu muka saba, kuma mai gyambon ciki ya dace ya ce a rage masa jar miyar da ake zubawa a sama.

Tsabta ita ce raunin buka, kuma ba abin wasa ba ne, domin a watan Yunin 2024 an yi fama da ɓarkewar kwalara a Legas. Abinci mai tururi da ake kwashewa daga kan wuta ya fi aminci a kan wanda ya yini a cikin kula. A lura da ruwan wanke kwanuka, a sha ruwan roba ko na leda da aka rufe a kamfani, a guji zoɓo da kunun aya da ba a san inda aka haɗa su ba. Rumfar da abincinta yake ƙarewa kafin la'asar ta fi wadda tukunyarta take cike har dare, domin a ta farkon babu kwantai.

Zaɓi na gaba shi ne unguwannin Hausawa, kuma nan ne zuciyar baƙo take fara karkata. A Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Obalende akwai tuwon shinkafa da miyar kuka, masa da miyar taushe, ƙosai da koko, fura da nono, ga mai shayi da mai tsire a kowace kusurwa. Ana ciniki da Hausa, babu shakka a kan yanka, kuma a teburin mai shayi ake samun labarin masauki mai sauƙi da motar da za ta koma gida. Sai dai kada a zaci farashin Tudun Wadar Zariya za a samu, tunda hatsin da kukar da daddawar duk sun biya kuɗin mota daga Arewa. Babban abin lura kuma shi ne nisa. Wanda yake da aiki a Lekki, idan ya ce sai ya je Agege cin tuwo, kuɗin motar da sa'o'in da zai ɓata a cunkoso sun cinye rangwamen. An hana acaɓa a ƙananan hukumomi da dama tun 2022, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, don haka babu gajeriyar hanya. Abin da ya fi shi ne a kama masauki a kusa da ɗaya daga cikin unguwannin nan, a yi karin kumallo da abincin dare a can, na rana kuma a ci a bukar da ke kusa da wurin aiki. Manyan motocin bas na BRT suna bi ta Mile 12 zuwa tsibiri, jirgin ƙasan cikin gari na Red Line da ya fara aiki a 2024 kuma yana tsayawa a Agege.

Saura kifi, wanda shi ne kwaɗayin duk wanda ya je gaɓar teku. Yana da kyau a sani cewa yawancin soyayyen kifin da ake gani a rumfuna na ƙanƙara ne da aka shigo da shi daga waje, irin wanda ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari, tarwaɗar da ake nunawa da rai a yi farfesunta kuma ta kiwo ce. A wuraren farfesun nan girman kifin ne yake yanke farashi, saboda haka a daidaita kafin a kashe shi, domin bayan ya shiga tukunya babu sauran ciniki. Mai son ɗanyen kifin da masunta suka kamo, da jatan lande da ƙaguwa, sai ya nufi kasuwar kifi ta Epe a gabashin jihar, inda mata ne suka fi riƙe cinikin. Tafiyar tana cin yini guda, kuma ba ta biyan kuɗinta ga mutum ɗaya da ke zaune a otal. Tana da riba ne ga ayarin mutum huɗu ko biyar da suka sauka a gidan ɗan uwa mai madafa, ko ga wanda zai sayi banda ya ɗaure a kwali ya taho da ita Zariya tsaraba.