Abin da ya sa na tsaya kan ATLAS.ti wajen nazarin hirarrakin adashi

Duk wanda ya yi binciken da ake zama a yi hira da mutane ya san aikin sanya lakabi: ka ga jimla tana magana kan bashi, ka liƙa mata "bashi", can gaba ka tara duk masu wannan lakabin wuri guda. Kowace manhaja ta nazarin hira tana yin wannan. Abin da ya riƙe ni a ATLAS.ti shi ne mahaɗa, wato damar ɗaure gutsuren magana da wani gutsuren kai tsaye, ka kuma faɗi alaƙar da ke tsakaninsu.

Manhajar ta fito ne daga wani aikin bincike a Jami'ar Fasaha ta Berlin tsakanin 1989 da 1992, Thomas Muhr, wanda ya ƙirƙira ta, ya fitar da ita kasuwa a 1993. Tun asali an gina ta da tunanin cewa rubutu yana amsa wa rubutu, kuma ana jin haka a hannu.

Hirarrakina da mata masu zubin adashi ne. Wata ta ce uwar adashi ba ta taɓa cin amana, don kunyar unguwa ta fi ƙarfin kwaɗayi. A wata hirar daban, wata ta ba da labarin uwar adashin da ta kwashe zubi ana gab da Sallah ta ce an yi mata sata. Lakabin "amana" ya jefa maganganun biyu cikin tuli ɗaya tare da wasu da yawa, ba ka ganin cewa ɗaya tana ƙaryata ɗaya. Da mahaɗa kuwa, sai na ja wannan na ɗora kan waccan, na zaɓi alaƙar saɓawa. Yanzu duk lokacin da na buɗe hirar farko, alama tana nan a gefen shafi, in na latsa sai ga maganar ta biyu.

Alaƙoƙin da suka zo da manhajar da Turanci suke, irin su goyon baya, suka da ƙarin bayani, amma ana iya ƙirƙirar sababbi. Na yi tawa, na sa mata suna "habaici ga", domin matan nan ba kullum suke ambaton juna ba, amma kowa ta san da wa ake. Ana kuma ɗaure rubutu da gutsuren murya, wanda ya yi min rana sosai: "to, Allah ya kyauta" a takarda ba ya nuna ko tausayi ne ko gatse, sai ka ji da kunnenka.

Shawara ɗaya ga mai farawa: kada ka ɗaure duk abin da ya yi kama da juna. In mahaɗa suka yi yawa, taswirar da ke nuna su sai ta koma kamar zaren da kaji suka shiga. Ni ina yin mahaɗa ne kawai inda zan iya faɗin dalilinta a jimla guda, in rubuta dalilin a jikinta.

Wasu manhajojin nazarin hira, MAXQDA da NVivo, su ma suna haɗa wuri da wuri, kuma abokan karatuna da ke amfani da su ba su koka ba. Amma ga wanda bincikensa ya ta'allaƙa kan musu, wa ya ce me kuma wa ya mayar masa, ATLAS.ti zan nuna masa.