Create a matsayin ginshiƙin ƙunshin mod na injuna a Minecraft: ƙarfinsa da inda yake ba da wahala

Duk wanda ya tashi haɗa ƙunshin mod na injuna a Minecraft, wato tarin ƙarin fayilolin da ke saka sababbin abubuwa cikin wasan, da wuya ya kai mod biyar bai saka Create ba. Kyauta ne, ana sauke shi daga CurseForge ko Modrinth, kuma tun fitowarsa a 2019 a hannun simibubi yake ta ƙara karɓuwa. Hukuncinmu a kansa shi ne: babu mod ɗin injuna da ya kai shi daɗin gini da koyar da mai wasa, amma ba ya zama lafiya da sauran manyan mod na lantarki sai an yi masa aiki. Wanda ya zuba Create da Mekanism da Thermal a folda ɗaya ya danna wasa, zai tarar cikin kwana biyu 'yan wasansa sun watsar da Create gaba ɗaya.

A sani tun farko cewa maganar Java Edition ake yi, na kwamfuta. Minecraft na waya ba ya ɗaukar wannan mod, kuma abubuwan da ake tallatawa da sunan "Create na waya" kwaikwayo ne kawai.

Sigar da za a zaɓa

Wannan shawara ce ta farko, kuma ita ce ba a iya janyewa cikin sauƙi. Zaɓi biyu ne masu ma'ana yanzu: Minecraft 1.20.1 a kan Forge, wanda ke buƙatar Java 17, ko 1.21.1 a kan NeoForge, wanda ke buƙatar Java 21 (Forge da NeoForge su ne manhajojin da ke loda mod cikin wasan). Create 6, da ya fito a farkon 2025, yana nan a kan duka biyun. A 1.20.1 an fi samun tarin mod da suka nuna, har da jerin Thermal, don haka mai son faɗin zaɓi ya tsaya nan.

Tarkon da ya fi kama mutane yana cikin 1.20.1 ɗin kansa. Akwai Create 0.5.1, akwai Create 6, kuma ƙananan mod da aka rubuta don na farko ba sa tashi a kan na biyu. Shafin saukewa zai nuna "1.20.1 Forge" a kan fayilolin biyu, manhajar saka mod za ta karɓe su ba gardama, sai wasan ya mutu tun yana lodi. Kafin a ƙara Create Crafts & Additions ko Steam 'n' Rails ko Enchantment Industry, a buɗe bayanin fayil ɗin a ga wace sigar Create yake nema. Prism Launcher ya fi dacewa da wannan aiki, domin yana ware kowane ƙunshi da foldarsa da Javansa, kuma ana kashe mod ko kunna shi da dannawa ɗaya.

Yadda ƙarfinsa yake aiki

Create ba ya amfani da lantarki. Juyawa yake amfani da ita: sanda, giya, bel. Lambobi biyu ne ke mulkin komai, gudun juyawa da ake aunawa da RPM, iyakarsa 256, da kuma nauyin aiki da ake aunawa da SU. Kowace mashin tana da lambar da ake ninkawa da gudunta. Mechanical Press 8 ne, Crushing Wheel 8 kowace ƙafa, Mixer da Millstone da Drill da Saw da Deployer 4 kowanne, Encased Fan 2. Ke nan Press da ke juyawa a 64 RPM yana cin 512 SU.

A ɓangaren samarwa, ƙaramin Water Wheel yana ba da 256 SU a gudun 8 RPM, babban kuma 512 SU a gudun 4 RPM. Windmill yana farawa da filafilai 8, kowane ƙarin 8 yana ƙara 1 RPM, har ya tsaya a filafilai 128 inda yake ba da 8,192 SU. Abin da sababbi ba sa ganewa da wuri shi ne giya tana ƙara gudu ne kawai, ba ta ƙara ƙarfi. Idan aka haɗa babbar giya da ƙarama gudu ya ninka, to cin kowace mashin da ke bayanta ma ya ninka. Da jimillar ta wuce abin da ake samarwa, layin gaba ɗaya sai ya tsaya cik, ba wai ya rage gudu ba, kamar injin niƙa da aka cika wa hatsi har bel ya kasa ja. Ƙafafun Crushing Wheel biyu a 64 RPM suna neman 1,024 SU, wato ƙananan Water Wheel huɗu don su kaɗai. Mixer kuwa ba ya motsi ƙasa da 30 RPM ko da ƙarfi ya yi yawa, kuma wannan ne dalilin yawancin koken "na haɗa komai amma ba ya aiki".

Engineer's Goggles da Stressometer suna nuna waɗannan lambobi kai tsaye. Ga kuma Ponder: a ɗora linzami a kan kowane kaya a riƙe W, sai wasan ya nuna yadda ake haɗa shi mataki-mataki. Wannan kaɗai ya raba Create da takwarorinsa, domin mai haɗa ƙunshi ba sai ya rubuta littafin koyarwa ba.

Injin tururi shi ne matakin manya. Tukunyar da aka ɗora a kan wutar itace kawai tana ba da 2,048 SU duk girmanta. Da Blaze Burner kuwa, murhun da ke ɗauke da blaze, halittar wuta ta duniyar Nether, kowane mataki 16,384 SU ne, kuma matakin yana bin mafi ƙaranci cikin abubuwa uku: girman tanki, zafi, ruwa. Kowane mataki yana son bulo 4 na tanki da ruwa 10 mB a kowane tik (mB kashi ɗaya ne cikin dubu na bokiti, tik kuma kashi ɗaya cikin 20 na daƙiƙa). Mataki na 18, wanda shi ne ƙarshe, yana buƙatar tanki mai bulo 72, injuna 18, Blaze Burner 9 da aka ciyar da Blaze Cake, da ruwa 180 mB a tik, ya ba da 294,912 SU. Kuskuren da aka saba shi ne a juya famfon ruwan da ƙarfin tukunyar kanta. Ranar da layin ya yi nauyi ya tsaya, famfo ya tsaya, ruwa ya yanke, tukunya ta mutu, kuma ba za ta tashi da kanta ba. A ba famfon Water Wheel nasa daban.

Inda rigimar take

Mekanism, Thermal, Immersive Engineering da Applied Energistics 2 duk suna shan FE, lantarkin da mod na Forge suka yi tarayya a kai. Create bai san FE ba. Gadar da aka fi amfani da ita ita ce Crafts & Additions, mai Alternator da ke mayar da juyawa lantarki da Electric Motor da ke yin akasin haka. Alternator yana zubar da kashi ɗaya cikin huɗu bisa saitin asali, don kada wani ya haɗa su biyu a da'ira ya samu wuta daga babu. Matsalar tana ɗaya ɓangaren: mutum ya gina janareta ɗaya na Mekanism, ya jera Electric Motor, shi ke nan babu sauran dalilin gina tukunyar tururi. Idan ana son tururin ya ci gaba da daraja, a tsadar da haɗin Motor ɗin ko a rage ƙarfinsa a fayil ɗin saiti.

Sarrafa ma'adini ya fi wannan muni. A Create, ɗanyen ƙarfe ɗaya da aka niƙa aka wanke da fanka yana ba da gutsure 9, wato sanda ɗaya, da ɗan redstone a gefe. Ba ya ninkawa. Mekanism kuwa yana ninka bulon ma'adini sau biyu da Enrichment Chamber, mashin ɗaya tak da ake samu a ranar farko, kuma layinsa yana hawa har sau biyar. Wa zai ɓata awa yana jera bel? Ƙarfin Create yana wani wuri dabam, wurin samar da kaya daga abin da ba ya ƙarewa. Dutse ya zama tsakuwa, a wanke tsakuwar a samu gutsuren ƙarfe kimanin sau 12 cikin ɗari, dare da rana ba tare da an shiga rami ba. Amma Digital Miner na Mekanism yana zuwa ya shafe wannan fifikon ma.

Maganin shi ne KubeJS, mod ɗin da ake sauya haɗe-haɗen ƙera kaya da shi, kuma a ganinmu ƙunshin da ba a taɓa haɗe-haɗensa ba bai cika ƙunshi ba, tarin fayiloli ne. Ana rubuta fayil a foldar kubejs/server_scripts, a ƙarƙashin ServerEvents.recipes, a cire haɗin asali da event.remove a saka sabo da event.shaped, sannan a buga /reload cikin wasa. Umarnin /kubejs hand yana nuna ainihin sunan kayan da ke hannu. Ba sai an taɓa haɗi ɗari ba. Kusan duk injunan Mekanism suna bi ta Steel Casing, na Thermal kuma ta Machine Frame. A saka Precision Mechanism na Create a cikin waɗannan biyu, an gama rabin aikin. Shi Precision Mechanism ana yin sa ne a kan bel: farantin zinare, Deployer ya ɗora ƙaramar giya, wani ya ɗora babba, wani gutsuren ƙarfe, a zagaya sau biyar, kuma sau 80 cikin ɗari ne yake fita daidai. Kafin mutum ya kai nan dole ya je Nether ya kamo blaze, ya narka jan ƙarfe da tutiya ya samu Brass. To a lokacin lantarki ya zama lada ga wanda ya gina masana'anta. A lura Metallurgic Infuser ba ya bi ta Steel Casing, sai an gyara shi daban. Wanda yake son ganin wannan salo an kai shi matuƙa, ya duba ƙunshin Create: Above and Beyond na 1.16.5, wanda ya ɗaure Thermal da Applied Energistics 2 a bayan layukan Create.

Sai maimaituwar ƙarafa. Dalma tana zuwa daga Mekanism da Thermal da Immersive Engineering, kuza daga Mekanism da Thermal, azurfa da nikel daga Thermal da Immersive. Haɗe-haɗe suna karɓar kowanne, amma ba sa taruwa a gurbi ɗaya, sai tacewar bel ta bar wata dalmar ta wuce ta tare wata, layi ya toshe. Almost Unified yana tilasta duk injuna su fitar da iri ɗaya bisa jerin fifikon da aka rubuta masa. Amma bai hana ma'adinan fitowa a ƙasa ba. Wannan sai a fayilolin saitin kowane mod, kuma a yi shi kafin a ƙirƙiri duniya, domin yankin da aka riga aka taka ba ya sauyawa.

Nauyi a kan kwamfuta

Create yana zana dubban giyoyi masu juyawa ta hanyar Flywheel, wanda ke zuwa a cikinsa. OptiFine ba ya jituwa da shi, kada ma a gwada. A 1.20.1 a yi amfani da Embeddium, a 1.21.1 Sodium, a ƙara ModernFix da FerriteCore don rage cin RAM. Masu ƙawata haske da Oculus ko Iris su san cewa nan ne gudun wasa ya fi faɗuwa a cikin babbar masana'anta. Ƙunshi mai mod 80 zuwa 120 yana zama lafiya da 6 GB da aka ware masa. A kwamfutar gwanjo mai 8 GB gaba ɗaya, a tsaya a 4 ko 5, a rage yawan mod. Ba wasan duk RAM ɗin yana sa tsarin kwamfutar ya rasa wurin numfashi, wasan ya dinga daskarewa.

A kan saba (server), wato kwamfutar da ke riƙe duniyar da ake wasa tare, abin da ke kashe gudu ba giyoyi ba ne, kayan da ke zube a ƙasa ne. Drill da ke fasa dutse ba ya sanin rumbu ya cika. Bel ya tsaya, duwatsu su ci gaba da zuba, kowanne abu ne da sabar za ta lissafa sau 20 a daƙiƙa. Threshold Switch a jikin rumbu, a haɗa shi da Clutch a kan sandar da ke juya Drill ɗin, ya isa. Idan gudun ya faɗi ba a san dalili ba, a saka mod ɗin spark a buga /spark profiler. Tik ɗin da ya haura milisakan 50 shi ne alamar an fara baya, kuma rahoton zai nuna mod ɗin da ke cin lokacin.

Create 6 ya kawo Packager, Frogport, Chain Conveyor, Stock Ticker da Factory Gauge, wato a naɗe kaya a kwali a rubuta masa adireshi ya tafi da kansa. Yana da kyan kallo ƙwarai, kuma ya rage dogaro da Applied Energistics 2 a tsakiyar wasa. Sai dai bai maye gurbinsa ba. Kwali yana ɗaukar lokaci a hanya, kuma adireshin da aka rubuta da kuskuren harafi ɗaya yana barin kwali ya yi ta zagaye a kan sarƙa.

Idan wasan ya ƙi tashi, a fara da foldar crash-reports da logs/latest.log, a nemi sunan mod a layukan da ke ambaton mixin. In babu suna, a kashe rabin mod a gwada, a sake raba rabin da ke da laifin. Mod 100 ba sa wuce gwaji bakwai. Embeddium da Oculus na kwamfutar mai wasa ne, a cire su daga foldar saba. Wajen rabawa, Prism yana fitar da ƙunshin a tsarin mrpack ko na CurseForge, fayil ƙarami da ke ɗauke da jerin mod da saituna, kowa ya sauke nasa daga tushe. Wasu marubuta a CurseForge sun hana saukewa ta manhajojin waje, irin waɗannan sai an ɗauko su da hannu ta burauza. Da zarar mutane sun fara gini, a daskare sigar kowane mod. Duniyar da aka ɗaga daga 0.5.1 zuwa Create 6 ba ta komawa baya, don haka a kwafi foldar saves kafin a taɓa komai.