Gargaɗi ga masu shuka tumatir a gida: ku yi hattara da masu tallar "irin mamaki"

'Yan uwa masu shuka tumatir a bokiti, a buhu ko a ɗan filin bayan ɗaki, akwai wata damfara da ke yawo a intanet. Ta cinye mini wata uku da rabi, kuma ba na so ta faɗa kan wani bayana.

A waya na ci karo da tallar. Ɗan gajeren bidiyo ne: bishiyar tumatir ta fi mutum tsayi, rassa sun sunkuya da 'ya'ya, a reshe guda ga ja, ga shuɗi, ga ruwan hoda, har da fari fat. An rubuta cewa kwana 30 da shuka za ka fara tsinka, ba ya buƙatar taki, ƙwari ba sa kusantarsa, kuma shekara da shekaru zai yi yana haihuwa. Shekarata huɗu ina shuka tumatir, na san abin da kamar wuya, amma zuciya ta raya mini cewa wataƙila sabon bincike ne. Na tura kuɗi.

Bayan mako uku saƙo ya iso. 'Yar farar leda ce da ba ta fi kwalin ashana girma ba. Babu sunan iri, babu sunan kamfani, babu ranar da aka ƙunsa. Na juye a tafin hannu na duba. Duk wanda ya taɓa riƙe irin tumatir ya san shi: a baje yake, ruwan ƙasa mai haske, da ɗan gashi-gashi a jikinsa, in ka murza za ka ji kaushi. Abin da ke hannuna kuwa kala uku ne. Kaɗan sun yi kama da na tumatir, wasu baƙaƙe ne ƙanana masu sheƙi, sauran dogaye sirara kamar irin ciyawa. Tun nan ya kamata in tsaya, amma na riga na haɗa ƙasa da taki, sai na shuka ƙwaya 40.

Irin tumatir mai kyau, in ƙasa na da danshi da ɗumi, tsakanin kwana biyar zuwa goma yake tsirowa. Nawa sai da aka yi mako biyu kafin guda 11 suka leƙo. Na ci gaba da yi musu yayyafi safe da yamma, har ranar da kawuna, wanda ya tsufa a aikin lambu, ya zo ya tsuguna a gabansu. Na ce, "Kawu, ku duba mini, ganyen waɗannan bai kwanta mini a rai ba." Ya tsinki ganye ɗaya, ya murza a yatsa, ya kai hanci. Ya ce, "Ɗana, tumatir ko cikin duhu warin ganyensa yana tona shi. Wannan ciyawa kake yi wa ban ruwa." Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana murzawa. Uku kacal ya bar mini.

Ukun nan na dasa, na kafa musu sanda, na yi ta rainonsu. Suka yi fure, suka ƙulla 'ya'ya, suka nuna. Jan tumatir ne ƙanana, masu kaurin fata, cikinsu duk ƙwaya.

A nan dabarar 'yan damfarar take, kuma ita nake so kowa ya gane. In ka sayi takalmi aka kawo maka wani daban, ranar za ka sani. Iri kuwa ba ya nuna kansa sai ya haihu. Mako huɗu zuwa shida a gadon reno, sannan wata biyu ko fiye bayan dashe kafin 'ya'yan farko su nuna. Kafin nan wa'adin mayar da kaya ya daɗe da wucewa, kuma mai sayarwa yana da uzuri a aljihu. Da na yi masa magana tun lokacin da tsiro ya ƙi fitowa, cewa ya yi na cika ruwa, ƙasata ce ba ta da kyau, sannan ya tallata mini wani gari da ya ce shi ke "tayar da iri". Da na koma da hoton jan tumatir ɗin, shafin ma babu shi. Bayan kwanaki na sake ganin bidiyon nan, shi ɗin dai, a ƙarƙashin wani suna. Abin da ya fi ƙona mini rai ba kuɗin ba ne. Lokacin shuka ne ya wuce, shi kuwa ba a mayar wa mutum da shi.

Ƙaryar tasu tana shiga ne don sun jingina ta da gaskiya. Akwai tumatir mai duhun launi. Jami'ar Jihar Oregon a Amurka ta fitar da wani mai suna Indigo Rose a 2012, fatarsa takan yi duhu har kusan baƙi a gefen da rana ke duka, amma cikinsa ja ne. Babu tumatir mai shuɗin sararin sama, kuma gindi ɗaya ba ya haifar da kala huɗu. Bambancin da za ka gani a reshe guda shi ne na ɗanye da nunanne. Sauran aikin kwamfuta ne. Ita ma "bishiyar" tana da tushe: a wurin shaƙatawa na Epcot da ke Fulorida a Amurka an raini wani gindin tumatir da ya ba da 'ya'ya fiye da 32,000 cikin shekara guda, amma a cikin ɗakin gilashi, a kan ragar ƙarfe, da ƙwararru a kansa kullum. Ba abin da bokiti zai yi ba ne. Zancen kwana 30 kuwa, ko nau'in da ya fi kowane saurin nuna yana buƙatar kusan kwana 50 zuwa 60, kuma daga ranar dashe ake ƙirgawa.

Akwai wata zambar da ta fi wannan wuyar ganewa, domin ita tumatir na gaske za ta ba ka. Mutum zai matse tumatir, ya shanya ƙwayar, ya ƙunsa, ya rubuta F1. Iri mai aure, wato F1, daga iyaye biyu zaɓaɓɓu ake haɗa shi, kuma 'ya'yansa ba sa gadon halinsa daidai. Ka shuka ƙwayar da aka matse daga cikinsa, wani ya fito dogo, wani gajere, wani ya kama cutar da aka ce ba ya kamawa.

Sannan ga maganar cuta, wadda ita ce ta fi tsorata ni bayan na natsu. Iri yana ɗaukar cuta daga ƙasa zuwa ƙasa. Cutar da ake kira ToBRFV, wadda aka fara gani a Isra'ila da Jodan a 2014 da 2015, tana bin jikin iri, tana manne wa hannu da wuƙa, ta lanƙwashe ganye, ta yi wa 'ya'ya tabo. Ba ta da magani, sai dai a tumɓuke. Ledar da babu suna a kanta, ba ka san gonar da ta fito ba.

Kada yabon da kuke gani a ƙarƙashin talla ya ruɗe ku. A 2020 mutane da yawa a Amurka da Ingila sun riƙa samun ƙunshin iri a akwatin wasiƙa ba tare da sun saya ba, akasari daga Sin. Hukumar aikin gona ta Amurka ta ce alamu sun nuna dabara ce ta aika kaya marasa daraja, don mai sayarwa ya samu damar rubuta wa kansa yabo da sunan wanda aka aika wa. Ko yabon gaskiya ne, ku karanta da kyau. Yawanci "ya iso da wuri" ne da "na shuka yau". Ku nemi wanda ya nuna abin da ya girba.

Yanzu ba na sayen irin da ba a rubuta sunan nau'insa, sunan kamfanin da ya ƙunsa, lambar rukuni da kwanan wata ba. Ko an rubuta, sai na gwada. Nakan jera ƙwaya goma a kan tsumma mai danshi, in naɗe, in saka a leda, in ajiye a wuri mai ɗumi. Bayan kwana goma in buɗe in ƙirga. In takwas ko tara sun fito da ɗan farin saiwa, irin na da rai. In uku ne ko huɗu, ba na ɓata masa taki. Wanda kuma ya riga ya biya, ya ɗauki hoton tallar, da ledar, da shaidar biyan kuɗi tun ranar farko, ya kai ƙorafi ga bankinsa da shafin da aka yi tallar kafin wa'adi ya cika. Kada ya jira sai 'ya'ya sun nuna kamar yadda na jira.

Ragowar irin da ke cikin ledar ban watsar da shi a tsakar gida ba, don ban san abin da zai tsiro ba. Ƙona shi na yi. Ƙasar bokitai ukun na zubar da ita nesa da sauran shukata, na wanke su da ruwan bilic, na kife su a rana. Jiya na buɗe tsumman gwajin sabon irin da na saya, tara cikin goma sun fito da saiwa.