Ranar da likitar Ingila ta kira Hajiya a Tudun Wada

Tun ina yaro a Zariya sunana miskili. Ba na iya haɗa ido da mutum, kiɗan biki kuwa bayan ƙyaure yake kai ni. Na sha rubutu, na sha turare, gwaggona har ta rantse mutanen ɓoye ne.

Sai ina da shekara 38, a nan Ingila, na ji sunan abin: otizim, wanda a gida muke zubawa a kwandon galahanga tare da komai. Na je wajen likitan unguwa ina jiran ya ce, ƙato da kai me kake nema. Takarda kawai ya miƙo mai tambayoyi 10, wanda ya samu maki 6 ko fiye a tura shi gwaji. Na samu 8.

Daga nan sai jira. Ƙa'idarsu ta ce a fara duba mutum cikin wata 3, amma sama da mutum 200,000 ke kan layin NHS, hukumar lafiya ta gwamnati. Na shekara ina buɗe wasiƙun ban haƙuri kafin wani ya tsegunta min cewa ina da 'yancin zaɓar wata cibiya, gwamnati ta biya. Likitan bai taɓa faɗa min ba.

Ranar gwajin aka nemi wanda ya san ƙuruciyata. Muka kira Hajiya ta WhatsApp, da tafinta. Ta ce, "Lafiyarsa ƙalau, kunya ce da shi." Sai kuma ta ɓalle da labari: yadda nake jera marafan kwalba tun daga zaure har madafa, in aka taɓa ɗaya in yini ina kuka, yadda ba na cin tuwon da miya ta taɓa. Abin da aka sha dukana a kai, shi baturiyar ke rubutawa tana gyaɗa kai. Wallahi sai da na yi ƙwalla. Hajiya ta tambayi magani, aka ce ba ciwo ba ne balle a warkar, halitta ce.

Dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya sauƙaƙa wa irina. Teburina ya koma lungu marar hayaniya, umarni kuma a rubuce. Mu ma Buhari ya sa hannu kan dokar masu buƙata ta musamman a Janairun 2019, amma je ka ce wa oga ƙarar janareta na damunka, ka ji amsa.

Makon jiya wani ɗan Samaru ya iso da saƙon Hajiya: kilishi, daddawa, da ƙullin turaren nan dai.