Gyaran Tukunyar Ɗumama Gida Ko Sayen Sabuwa a Birtaniya

Idan tukunyar ɗumama gida (boiler, na'urar da ke dafa ruwa da gas don ɗumama ɗakuna) ta lalace a Birtaniya, gyara ya fi sauƙin kuɗi muddin garantinta bai ƙare ba, domin kamfanin da ya ƙera ta ne zai biya kuɗin kayan gyara. Sai dai garantin yakan daina aiki idan ba a duba tukunyar kowace shekara ta hannun ma'aikaci mai rajistar Gas Safe (rajistar hukuma ta masu izinin aikin gas) ba, kuma masu gidaje da yawa sukan yi sakaci da wannan sharaɗi. Sabuwa kuwa takan haura fam 2,000 har da kuɗin dasawa, amma ba ta shan gas sosai. Tukunyar da ta wuce shekara 15, wadda kayanta suka fara wuyar samu, canza ta ya fi yawan kiran mai gyara.