Kafin ka sayi kwan lantarki, duba lumen ba wat ba

Da yawa har yanzu da wat suke auna haske. Mutum zai ce a ba shi mai wat 60 ko mai wat 100, yana nufin mai matsakaicin haske ko mai haske sosai. Wannan lissafi ya yi daidai a zamanin tsohon kwan mai zare, amma yau sai ya ɓatar da mai saye. Wat yawan wutar da kwan yake ci ne. Haske kuwa da lumen ake auna shi, kuma wannan lambar ce ya kamata ido ya fara nema a jikin kwali.

A ɗauki hasken lumen 800, wanda ya ishi ƙaramin ɗaki. Tsohon kwan mai zare sai ya ci wat 60 kafin ya ba da shi, domin kusan kashi 90 cikin ɗari na wutarsa zafi take zama. Shi ya sa ba a iya taɓa shi idan ya jima a kunne. Murɗaɗɗen farin kwan nan da ake kira CFL yana bukatar wat 13 zuwa 15. Kwan zamani da ake kira LED kuwa wat 8 zuwa 10 ya wadatar. Idan ana kunna kwai ɗaya awa 5 kullum, mai zare zai ci kusan kilowat-awa 110 a shekara, LED mai wat 9 kuma kamar 16. Gida mai ƙwayaye goma, bambancin wat 600 ne da wat 90. Mai amfani da sola ko batir ya fi kowa sanin abin da wannan yake nufi idan dare ya tsala.

Wajen daɗewa ma tazarar babba ce. Mai zare kan yi awa 1,000, CFL kamar 8,000 zuwa 10,000, LED mai kyau 15,000 zuwa 25,000. CFL ya yi zamaninsa, amma ba na ba kowa shawarar sayensa yanzu: yana da ɗan sinadarin zaiba a cikinsa, wanda ke da haɗari idan ya fashe, yakan ɗauki lokaci kafin haskensa ya cika, kuma yawan kunnawa da kashewa na rage masa kwana.

To amma a cikin LED ɗin ma akwai nagari akwai na banza, kuma nan ne aikin yake. Abin da ya fi saurin mutuwa ba ƙwayar hasken ba ce, ƴan kayan lantarkin da ke gindin kwan ne, masu daidaita wutar da ke shiga. Zafi ne babban abokin gabansu. Kwan da aka rufe cikin gilashin silin inda iska ba ta shiga zai iya mutuwa tun bai kai rabin awannin da aka rubuta masa ba, sai dai in an nuna a kwali cewa an yi shi don rufaffen wuri. Wanda gindinsa ke da ɗan nauyi galibi yana da ƙarfen da ke janye zafi. Duba kuma ƙarfin wutar da yake jurewa: wanda aka rubuta wa 100 zuwa 240V ya fi haƙuri da wutar da ke hawa da sauka. Kwalin da ya cika baki da manyan wat amma babu lumen ko kaɗan, ajiye shi. Haka wanda ke kyafta a kyamarar waya idan an kunna shi.

Sai launi, wanda ake rubutawa da harafin K. Daga 2700K zuwa 3000K haske ne mai ɗan rawaya, mai sanyaya ido, ya dace da ɗakin kwana da falo. 4000K fari ne tsaka-tsaki, ya yi wa kicin da teburin karatu daidai. 6500K fari fat ne mai ɗan shuɗi. Mutane kan ɗauka ya fi haske, alhali lumen ɗinsu na iya zama ɗaya da mai rawaya. Asali ma farin LED shuɗi ne aka lulluɓe da wani sinadari mai rawaya, kuma ƙirƙiro shuɗin ne ya sa Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka sami kyautar Nobel a 2014. Mai ɗinki ko mai zane, wanda aikinsa ya dogara ga ganin launi yadda yake, ya nemi lambar CRI 90, wato ma'aunin yadda hasken kwan ke nuna ainihin launin abu. Ga sauran gida 80 ta isa.

Kafin ka fita, duba bakin soket ɗinka: E27 mai murɗawa ne, B22 mai fil biyu, E14 ƙaramin mai murɗawa. In kana da makunnin rage haske, tabbatar kwan ya yarda da shi, in ba haka ba zai riƙa rawa ko ƙara. Na waje da ruwan sama ke duka kuma, nemi mai alamar IP65.